Farin Fenti a Lambun Baba Sale

Kwanan baya na wuce wasu samari suna awon bishiya a bakin titi. Ɗaya ya ɗaga waya yana haska darbejiya, ɗaya ya zagaya mata tef yana hira da wani a tsallake. Tef ɗin ya karkace, gefe guda a ƙirjinsa, gefe guda ya kusa cibiyarsa. Na yi musu sallama na ce a daidaita. Suka ce, "Baba, ai na'ura za ta gyara." Ban ja da su ba. Sai dai lambar nan ta riga ta shiga takarda, kuma ban san wanda zai je ya cire ta ba.

Saboda irinsu na zauna rubuta wannan. Sunana Haruna, karatuna bai wuce firamare ba, kuma awon itatuwa shi ne aikin da na yi a Dutse har na ajiye. Ana ganin kamar ba wani abu ba ne, tunda bishiya ba ta gudu. Gaskiya ne ba ta gudu. Amma tana da mai ita.

Na fara da leburanci a gandun daji, ina cika ledoji da ƙasa a wurin rainon dashe. Daga nan aka haɗa ni da Malam Ubale, wani dattijo mutumin Ringim, wanda shi ne mai awo. Na daɗe a hannunsa bai bar ni na taɓa tef ba. Sanda kawai nake ɗauka. Gora ce da ya yanke daidai mita ɗaya da santimita talatin, ya ɗaure bakinta da waya don kada ta tsage. A jingina ta a jikin bishiya, inda kanta ya tsaya nan ake zagaya tef. Na taɓa ce masa ai an ce a daidai ƙirji ake aunawa, mene ne na wahalar ɗaukar gora. Ya ce, "Ƙirjin wa? Ni gajere, kai dogo. In muka bi ƙirji, bishiya ɗaya za ta yi kauri biyu."

Bishiyar da ya fara ba ni in auna wani mangwaro ne da ya rabu biyu tun daga ƙasa. Na haɗa rassan biyu na zagaye su tare, na faɗi lamba da ƙarfi. Malam Ubale ya ce in sake. Na sake, na faɗi lambar ɗazu. Ya ce in sake. Sai da rana ta take sannan ya gaya min cewa in ta rabu ƙasa da kan sanda, kowane reshe awonsa daban. Na ce me ya sa bai faɗa tun da safe ba. Ya ce da ya faɗa da safe da na manta kafin la'asar.

Sauran ƙa'idojin ma haka na koye su, ɗaya bayan ɗaya. A gangare ta sama ake tsayawa. In akwai kumburi a daidai wurin awo, a ɗan haura. Dabino kuwa, wanda shi ne ya fi yawa a wajenmu, ba ya ƙara kauri kamar sauran, sama yake tafiya, don haka tsawonsa ake bi. Kafin ka rungumi mangwaro ka duba cinnaku, kafin ka rungumi tsamiya ka saurari ƙudan zuma. Tef kuma yana tsufa. Na yadi yana miƙewa in ya sha hannu, sai ya riƙa rage wa bishiya kauri ba da saninka ba. Ni kowace Asabar sai na shimfiɗa nawa a jikin ma'aunin ƙarfe na ofis. Abokan aiki sun sha yi min dariya a kan haka. Ban taɓa samun ya miƙe sosai ba, amma da ban duba ba da ban sani ba.

Wani gida a cikin gari ya koya min abin da ba ya cikin ƙa'ida. Yawancin goba da lemon tsami da gwanda na Dutse a tsakar gidaje suke, inda namiji baƙo ba ya shiga. Dabarar da muke yi ita ce mu tsaya a zaure, mu ba maigida sanda da igiyar rama, uwargida ta zagaya ta ƙulla inda igiyar ta haɗu, a fito mana da ita mu auna. Ran nan aka fito da igiya, na auna, sai ga goba ta kusa kamo kuka. Na roƙi maigidan ya koma ya duba. Ashe da turken akuya aka haɗa, don a jikinta yake. Tun daga ranar ba na karɓar igiya sai na ɗaga murya daga zaure na tambaya, "Hajiya, me ke jingine da ita?" Wata ta taɓa amsa min da cewa surukarta ce.

Da aka ƙirƙiro jiha Dutse ta zama babban birni, sai aikinmu ya canza. Ana ta fitar da tituna da filayen ofisoshi, duk bishiyar da ta faɗo a kan layi sai an auna ta an rubuta kafin a kawar. Mu ne masu awon. Mu zagaya tef, mu shafa jan fenti, bayan ɗan lokaci katafila ta zo. Wanda ya yi hanzari ya sare tasa ya ci moriyar itacen. Wanda ya tsaya jira sai ya tarar an ture ta an tara da ƙasa da duwatsu, ko na hura wuta ba zai samu ba. Mutane suka koyi darasin da kyau. Har ta kai in na jingine kekena a bakin lambu don in sha ruwa, sai mai lambun ya fito yana salati.

Shekaru sun ɗan ja, an shiga lokacin da aka ƙaddamar da shari'a, sai ga wani dakta daga jami'a da wani aiki daban. Ya tara mu a ofis ya yi bayani. Ya ce bishiya tana shan gurɓatacciyar iskar da motoci da injina ke fitarwa, ta mayar da ita itace ta adana a jikinta, ana kiran abin kabon. Ya ce kusan rabin busasshen itace shi ne. Malam Ubale ya ce, "Wato gawayi." Dakta ya ce kusan haka. Malam Ubale ya ce, "To ai masu gidan burodi sun riga ku sani."

Abin da Dakta ke so shi ne lambunan cikin gari, waɗanda ake ci daga jikinsu: mangwaro da dabino a sama, goba da zogale a tsakiya, yakuwa da kuɓewa a ƙasa. Za a zaɓi wasu itatuwa a auna, a dawo baɗi a sake auna su, a ga abin da suka ƙara. Daga kauri da tsawo shi zai yi lissafinsa. Amfanin abin, in ji shi, a nuna wa masu tsara gari cewa lambunan nan suna da aiki ko da ba lokacin 'ya'ya ba ne, a daina ture su. Amma don a dawo kan bishiyar da aka auna, a kuma daidai wurin da aka auna, dole a sa mata alama. Layi ɗaya na fenti a jikin bishiyar, daidai inda kan sanda ya tsaya, da lamba a samansa.

Na ɗaga hannu na ce fenti yana da tarihi a garin nan. Dakta mutum ne mai sauraro. Ya sa aka mayar da jan da aka sayo aka kawo fari, ya bi masu unguwanni ɗaya bayan ɗaya ya yi musu bayani, har sanarwa aka yi a masallatai. Ni ma duk lambun da na shiga sai na maimaita wa mai shi, wani har sau uku, har ya ce ya ji.

Wannan ita ce shekarar da ba ta yi mana kyau ba. Ba a daɗe ba magana ta zaga gari cewa ja na titi ne, fari na asibiti. Wasu suka ce na filin jirgi. Akwai wani mai sayen itace, Tanko, wanda ke kai wa gidajen burodi. Ban ce shi ya ƙirƙiro maganar ba, don ban ji da kunnena ba. Amma duk inda ta isa, ba a jimawa sai ka ga amalankensa. Sai in je lambu in tarar da kututture, ga gungumen a kwance da farin layina a jikinsa, lambar ma ba ta goge ba. Waɗanda ba mu shafa wa ba suna tsaye lafiya lau. Abin da muka zo ƙirgawa shi ne ke fita ta bututun gidan burodi, kuma mu muka nuna wanda za a fara da shi.

Lambun Baba Sale shi ne mafi girma a cikin waɗanda muka zaɓa. Yana gindin duwatsu, kusa da rafi, kuma manyan mangwarorinsa sun girmi duk wanda ke raye a unguwar. In aka rasa shi aikin ya tashi, wannan Dakta ya faɗa da bakinsa kafin ya koma makaranta. Wata safiya aka gaya min an ga Tanko ya nufi can. Na hau keke.

Na samu Baba Sale a kan buzunsa, mai unguwa a gefensa riƙe da Alƙur'ani a cikin gafaka. Tanko da mutanensa suna zaune a inuwa, gatura a gabansu, suna shan mangwaron bishiyar da suka zo sarewa. A waɗancan shekarun rantsuwa ta yi nauyi a bakin mutane, kowa ya ji wa'azi a kanta, kuma magana in ta ƙi ƙarewa nan ake kai ta.

"Malam Haruna, ka zo a daidai," in ji Baba Sale. "Da alwala?"

"Da ita, Baba."

"Madalla. Magana ɗaya ce. Ka dafa ka ce waɗannan da ka shafa wa fenti ba za a ture su ba. Kana faɗa Tanko zai kwashe ƙarafansa."

Na durƙusa ina auna kalmomin. Na ce zan iya rantsewa ni na shafa fentin. Zan iya rantsewa don awo aka shafa. Zan iya rantsewa Dakta ba shi da katafila, motarsa ma sai an tura take tashi.

"Ban tambaye ka motar Dakta ba."

"Baba, abin da ka ce in faɗa na gobe ne, ni kuma ba ni da sanin gobe. In bayan wasu shekaru aka ja hanya ta nan fa? Ba a shawara da ni."

Tanko ya jefar da ƙwallon mangwaro ya miƙe. "Kun ji ko? Shi da bakinsa ya ce hanya."

Mai unguwa ya matso ya yi min raɗa. "Kai, ka rantse a kan niyyarka mana, a wuce wurin." Na ce ba niyyata aka tambaya ba. Ya ce, "Allah Ya shirye ka," ya koma ya zauna. Ɗaya daga cikin mutanen Tanko ya fara wasa gatari a kan dutse.

Baba Sale ya dube ni. Sannan ya ce, "Kana da bishiya a gidanku?"

"Akwai mangwaro ɗaya. Na Inna ne, mahaifiyata, ita ta dasa."

"Yana da fenti?"

"Babu. Ba ya cikin waɗanda aka zaɓa."

"Ashe," in ji shi. "Na mutane ka zaɓa."

Ya ce tunda bakina ba zai iya ba, to hannuna ya yi. In je in shafa wa na gidanmu irin wanda na shafa wa nasa, mai unguwa ya gani da idonsa. In abin ba cuta ba ne, mu zauna a ciki tare.

A hanya abin da ke damuna daban ne. Lambobin Dakta a jere suke, kowace da bishiyarta, in na ƙirƙiro wata na sa ƙarya a cikin aikin. Na yanke cewa zan ci gaba daga lambar ƙarshe, in auna mangwaron yadda ake auna kowane, in sanar da Dakta an samu ƙari. Tanko ya biyo mu ko da yake ba wanda ya gayyace shi. Mai unguwa ya yi sallama aka ba shi izini ya shiga. Tanko ya tsaya a waje yana leƙe ta saman katanga.

Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, kuma ba ta cika doguwar magana da ni ba. Na yi mata bayanin komai, tun daga iskar mota har gawayi. Na jingina sanda, na ja layi, na rubuta lamba, na zagaya tef. Ta dubi fentin, ta dube ni. Ta ce, "To." Ta ci gaba da tankaɗe.

Mai unguwa ya koma ya ba da shaida, Baba Sale ya sallami masu gatari. Labari ya bazu cewa mai awo ya shafa wa na gidansu, sare-saren ya lafa. Malam Ubale ya ce bai taɓa ganin taurin kai ya yi amfani ba sai a wannan karon.

Bayan haka aka tura mu Garki rabon dashe, muka yi 'yan kwanaki. Ranar da na dawo, ina shiga gida na ga haske ya yi yawa. Inna tana zaune a kan kututturen tana tsince wake.

"Inna, ina mangwaro?"

"Tanko ya kwashe. Ya bar mana ƙananan rassan, za su kai mu damina."

"Ai na gaya miki na awo ne."

"Ka gaya min. Wancan karon ma da kuka shafa wa na mutane ja, awo kuka yi." Ta zubar da tsakuwa daga faifai. "In har ta kai ma'aikaci ya shafa wa na gidansu, ai magana ta ƙare. Na ga nauyin faɗa min kake ji, shi ne na sauƙaƙa maka."

Ba a musu da uwa a kan bishiyar da ta dasa da hannunta. Na ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, ta ce amin.

Saura Baba Sale. Abin da na ba shi a madadin rantsuwa ya shiga tanderu, kuma bai sani ba. Da na ce zan je in gaya masa, Malam Ubale ya ce, "Wa ya tambaye ka? Ka ja bakinka ka yi shiru." Na ce mutum yana zaune a kan jinginar da babu ita, kuma ni na san babu. Ya ce to in je in kashe lambun da kaina, tunda gatari ya kasa.

Ashe ko na yi shiru ba zai yi amfani ba. Ina isa na ga amalanken Tanko a bakin lambu. Ya riga ni, ya gaya wa Baba cewa na gidan mai awo ma ya tafi, bai dai faɗi yadda ya tafi ba. Mutanensa suna zaune a inda suka zauna wancan karon.

Na gaishe da Baba Sale na durƙusa.

"An ce naka ya tafi."

"Ya tafi, Baba. Shi na zo gaya maka."

"Katafila?"

"A'a. Inna ce ta sa aka sare."

"Ba ka yi mata bayani ba?"

"Na yi."

"Ba ta yarda ba."

"Ba ta yarda ba."

"Kai kuma har yanzu ba za ka rantse ba."

"Ba zan iya ba, Baba."

Tanko ya ce, "Baba, rana tana yi. Mutumin da uwarsa ma ba ta yarda da shi ba, kai ne za ka yarda?"

Baba Sale bai kalle shi ba. Ya ce, "Tanko, na lambun Audu wa ya sare?"

"Ni ne, shi ya kira ni."

"Na bayan makabarta fa?"

"Ni ne."

"Na gidan su Malam Haruna?"

"Ni ne, amma ai tsohuwar ce ta..."

"To ni tunda aka shafa farin nan ban ga katafila ba. Kai nake ta gani." Ya gyara zama a kan buzu. "Ku sha mangwaro ku tafi. Ni uwata ta daɗe da rasuwa, ba mai sa a sare."

Suka kwashe gatura. Tanko yana fita yana cewa za a neme shi, Baba ya ce in an nema ya zo.

Na miƙe zan yi sallama, sai ya nuna min can ƙarshen lambun da sandarsa. "Wancan na bakin rafi, shanu sun goga jiki sun cinye fentin. Ka ƙara masa, kada baɗi ka zo kana min kame-kame."

Ban zo da fenti ba. Ya ce ba sauri, ko jibi ma ya yi. Na hau keke na koma ofis na ɗauko a take, don ban ga dalilin barin dattijo ya kwana yana sake tunani ba.